ZARE: Murar da muke rainawa ce take kwantar da kakanninmu duk hunturu

1/
Duk shekara da hazo ya sauka, akwai tsofaffin da kowa a ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta ya san za su kwanta. Tari, haki, kwana a zaune. Sai a ce "sanyi ne ya buge ta". Kakata tana cikinsu. Bara ne na gane har da hannuna a ciki. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni 🧵

2/
Tun kafin a fara yi min ba'a: ni ba likita ba ne. Ɗalibi ne a BUK, aji uku, ina karatun ƙwayoyin cuta. Abin da zan faɗa na tsinto shi ne daga aji, da bakin likitan da ya duba ta, da abin da na gani da idona a gidanmu. Wanda ya fi ni sani ya gyara min.

3/
Inna muke ce mata. Ta haura 70 a ƙiyasin gida. Ba ta taɓa kai taba bakinta ba. Amma tun tana amarya take gaban murhu. A yankinmu gona manne take da gona, daji ya ƙare, icce sai an saya. Don haka karan dawa da na gero ake hurawa, wani lokaci har da busasshen kashin shanu.

4/
Madafinta ba taga. In ka ɗaga kai, rufin baƙi ƙirin yake da kunkunniya. Ga tuwon gida safe da dare, ga suyar ƙuli da ta yi ta sayarwa shekara da shekaru. Ta daɗe tana tari da kaki da asuba, in ta je rijiya sai ta tsaya ta huta a hanya. Mu dai "tarin tsufa" muke cewa.

5/
Watan Janairun bara na dawo hutu da mura. A hostel kowa na yi, ban ɗauke ta komai ba. Ina ajiye jaka na faɗa ɗakin Inna, na zauna kan tabarmarta ina atishawa. Ta ce, "Maigida, mura ka kawo min maimakon kayan shayi?" Muka yi dariya. Muka sha fura ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya.

6/
Ni kwana huɗu na warware. Ita a kwana na uku ta fara majina. Kwana na biyar tari ya ƙaru. Kafin sati ya zagayo kakinta ya koma kore-kore, ya yi yawa, sallah sai a zaune. Ta kai in za ta ce "miƙo min ruwa" sai ta yanke maganar biyu don ta ja numfashi.

7/
Muka yi abin da kowa ke yi. Aka je kemis, aka haɗo allura da kafso da sirof da wasu ƙananan farare a ƙullin leda, ko suna babu. Aka rufe ƙofa da taga, aka sa mata kaskon garwashi "don sanyin ya fita". Kwana biyu a haka, abu sai gaba yake yi.

8/
Da tsakar dare muka ɗauke ta a motar maƙwabci. A asibiti aka maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, ya nuna 84. Ma'aikaciyar ta kalle mu ta ce, "Me kuka zauna jira?" Kwana tara ta yi a gado, da iskar oksijin a hanci. Tumaki biyu suka tafi a jinyar nan.

9/
Daga baya aka tura mu cikin gari aka yi mata gwajin hura iska a na'ura. Likita ya ce COPD ce. Wato hanyoyin iskar huhunta sun ƙuntace, sun lalace a hankali, kuma ba za su koma kamar da ba. Abin da ya faru a Janairu kuma "tashin ciwon" ne. Ya tambaya, "Wa ya yi mura a gidan?" Na sunkuyar da kai.

10/
Ba zan rantse cewa tawa murar ce ba, don yaran gidan ma suna ta majina a lokacin. Amma ga ra'ayina, kuma a kansa zaren nan ya tsaya: mun ɗora wa sanyi laifin da yawancinsa na ƙwayoyin cuta ne, kuma mu matasa da yara mu ne motar da ke kai su ɗakin tsofaffi.

11/
Bari na bayyana yadda abin yake. A cikin bututun iska na huhu akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani. Aikinsu share majina da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa sama, ka haɗiye ko ka tofar. Hayaƙin shekaru yana kashe su. Sai majina ta riƙa kwanciya, bututun ya kumbura ya matse.

12/
Mai lafiyayyen huhu yana da rarar numfashi mai yawa. Mura ta kama shi, hanci ya toshe, kwana kaɗan ya wuce wurin. Irin su Inna ba su da wannan rarar. Bairos ɗin ya sauka ƙirji, kumburi ya hau kan kumburi, iska ta shiga ta kasa fita duka. Shi ne hakin da kuke gani.

13/
Likitocin huhu a duniya sun yarda cewa cututtukan numfashi su ne kan gaba wajen tayar da COPD. Wanda aka fi kamawa da laifin kuwa shi ne rainobairos, wato bairos ɗin mura ta yau da kullum. Sai infuluwenza, sai irin su korona. Masu asma ma haka ne, musamman yara.

14/
An ma gwada abin kai tsaye. A Landan, masu bincike a Imperial College sun sa wa wasu masu COPD da suka amince bairos ɗin mura a hanci, ƙarƙashin kulawa. Ciwon ya tashi. Kuma fiye da rabinsu bakteriya ta biyo baya bayan wasu kwanaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

15/
Wannan ya yi daidai da abin da na gani. Satin farko majina fara ce. Daga baya kaki ya canza launi. Bakteriyar da aka fi samu a nan uku ce: Haemophilus influenzae, da Streptococcus pneumoniae mai jawo nimoniya, da Moraxella catarrhalis. Ba sai kun haddace ba, ku dai riƙe: canjin launin kaki saƙo ne.

16/
To sanyin fa, ba shi da laifi? Yana da nasa kason. Iskar hunturu busasshiya ce, tana ɗauke da ƙurar da ta taso tun daga kwarin Bodele a Chadi, tana busar da hanci da maƙogwaro. Ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa bayan kaka. Duk suna fusata huhun da dama a wahale yake.

17/
Amma babban abin da sanyi ke yi shi ne tara mu wuri ɗaya. A kulle ɗaki, kaka da jikoki biyar a kwance, ɗaya na tari, ga hayaƙin garwashi, ga turaren wuta. In da bairos zai zaɓi gida da kansa, wannan ɗakin zai zaɓa. Mu kuma muna ganin gata muke yi wa tsohuwa.

18/
Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuma yana da wani haɗarin na daban: iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutum cikin barci. Don Allah a ƙara mata bargo da safa da hula, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar 'yar kafar da iska za ta shiga.

19/
Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, tashin ciwon ba ya tafiya hannu rabbana. Wani bincike a Landan da aka buga a 2000 ya bi masu COPD, ya ga bayan kwana 35 a kusan kashi 75 cikin 100 na lokutan da ciwon ya tashi ne kawai numfashinsu ya koma yadda yake. Kusan kashi 7 har wata uku bai koma ba.

20/
Wato kowane hunturu yana iya gutsurar wani abu ya tafi da shi. Inna kafin bara tana zuwa rijiya. Yanzu iyakarta tsakar gida. Kuma wanda ciwonsa ya tashi sau ɗaya ya fi zama cikin haɗarin ya sake tashi. Shi ya sa "ai ta saba, duk shekara tana yi" ba magana ce ta kwantar da hankali ba.

21/
Kar ku ɗauka ciwon 'yan tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce COPD ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, ita ce ta uku a jerin masu kisa a duniya a shekarar. Kusan kashi 90 na masu mutuwa da ita ƙasa da shekara 70 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ne.

22/
A Turai taba aka fi dangantawa da ita. A ƙauyukanmu murhu na da babban kaso. Hukumar ta ƙiyasta gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Iyayenmu mata ke shaƙa, da jaririn da ke goye a baya. 'Yan shisha da sigari, ku ma layin nan kuke bi, da kuɗinku.

23/
Akwai kuma tibi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ita. Ko an warke, tana iya barin tabo a huhu, mutum ya riƙa kamuwa da ciwon ƙirji a kai a kai. Mu kuma mun cakuɗa sunaye: fuka, tarin fuka, asma, limoniya, duk a kwando ɗaya. Ciwon zuciya ma yana kawo haki. Gwaji ne ke rabewa.

24/
Tarin da ya kai sati biyu, musamman da rama ko gumin dare ko jini a kaki, a je a gwada tibi. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin wata shida ne ga mafi yawan mutane. Ba abin kunya ba ne. Ɓoyewar ce ke sa gida guda ya kamu.

25/
Mun ma taɓa ganin darasin nan da idonmu. A Afrilun 2020 aka yi ta binne dattawa a Kano. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 mai yiwuwa korona ce ta jawo ko ta tunzura, a kan cututtukan da suke da su tun da.

26/
Mu matasa lokacin muna ta gardama a nan ko akwai korona ko babu, saboda mu in ta kama mu mura-mura take yi mana. Korona ta lafa, takunkumi ya koma aljihu, amma lissafin bai canza ba: abin da ke yi maka kwana huɗu yana iya yi wa kakarka kwana tara a gadon asibiti.

27/
Yanzu maganar kemis. Ba na zagin masu kemis, a ƙauyuka da yawa su ne kaɗai ke kusa da ƙarfe biyun dare. Amma kafso ba ya kashe bairos. Likitoci na duba abu uku tun wani bincike na 1987: ƙaruwar haki, ƙaruwar kaki, da canjin launinsa. Da su ake yanke ko ana buƙatar maganin bakteriya.

28/
Shan kafso biyu yau, uku gobe, a daina in an ji dama-dama, koya wa bakteriya jure magani ne. Ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Su kuma ƙananan fararen nan, sau da yawa irin su deksa ne. Likita na ba da irinsu na 'yan kwanaki in ciwon ya tashi, kuma suna aiki.

29/
Matsalar ita ce mutum ya ji daɗinsu ya mayar da su abin sha kullum. Wata da watanni a haka suna raunana garkuwar jiki, su tayar da suga da hawan jini, su lalata ƙashi, in akwai tibi a ɓoye su ba ta fili. Duk maganin da ba a faɗa maka sunansa ba, kar ka ba tsohuwarka.

30/
Sai inhela. A garinmu ana cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa, ko kuma alamar ciwo ya kai ƙarshe ce. Ƙarya ce. Ba ta sa maye, ba ta kama jiki. Tana kai magani kai tsaye cikin huhu, ɗan kaɗan, maimakon ƙwayar da za ta zagaye jiki duka. Inna da farko cewa ta yi ba za ta sha "iskar gwangwani" ba.

31/
Tsofaffi da yara na shan wahalar haɗa dannawa da jan numfashi. Akwai dabara: robar ruwa mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin inhela, a fesa ciki, a shaƙa ta bakin robar. An gwada a kan yara masu asma a Afirka ta Kudu, aka buga a 1999, ta yi aiki kamar ta kanti. Ku sa ma'aikacin lafiya ya nuna muku.

32/
Alamomin da ba a jiran gari ya waye:
• ba ta iya ƙarasa magana sai ta yanke
• leɓe ko harshe ya yi duhu
• ruɗewa ko barcin da ba a saba ba
• ciwon ƙirji ko jini a kaki
• zazzaɓi mai zafi da haki
• an shaƙa inhela ba sauƙi
Ko ɗaya ka gani, a nemi mota.

33/
Na san abin da wasu za su ce: "Wato kar mu gaida iyayenmu saboda mura?" A'a. Ka je, ka durƙusa daga bakin ƙofa, ka sa takunkumi, ka wanke hannu da sabulu, kar ku haɗa kofi ko ludayi, kar ka kwana ɗakin. Sati ɗaya ne. In ta yi ƙorafi ka gaya mata dalili, ka haɗa da goro.

34/
Haka zancen dubiya. In aka ce tsohuwa ba lafiya sai ɗakin ya cika maƙil, har da masu tari da jarirai masu majina, kowa sai ya riƙe hannunta. Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. Amma mai mura ya yi addu'arsa daga zaure, ko ya kira waya. Ladan zumuncin bai ragu ba.

35/
Wasu kuma za su ce, "Ka saya mana gas ɗin mana, ɗan boko." Gaskiyarku. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, har a birni mutane sun koma gawayi. Ban ce a daina hura kara gobe ba. Amma girki a fili, huda taga a madafi, busasshen makamashi, da ɗauke wa mai tari aikin murhu ba sa cin ko sisi.

36/
Samari, wannan ta ƙarshen tamu ce. Huda taga a bangon ƙasa aikin yini ɗaya ne. Ni da ƙanena muka yi wa madafin gidanmu biyu, ɗaya sama kusa da rufi. Matan gidan da kansu suka ce idonsu ya daina ruwa. Shekara nawa muna cin tuwon muna kallon hayaƙin na fita ta ƙofa?

37/
Rigakafi ma na da rawa. Tun Disamba 2014 Najeriya ta fara saka rigakafin nimoniya cikin na yara, kyauta. Yara ne suka fi ɗaukar wannan bakteriyar a hanci suna rabawa. In an yi wa jika, kaka ma ta samu wani kaso na kariya. Duba katin rigakafin ƙannenka da 'ya'yan yayyenka.

38/
A ƙasashe da dama ana yi wa masu COPD rigakafin infuluwenza duk shekara. A nan ba ya cikin jerin da ake bayarwa kyauta, talakan ƙauye ko labarinsa bai ji ba. Ga na'urar gwajin numfashi, wadda sai manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Daga ƙauyenmu kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana tsohuwa zuwa.

39/
Don haka ga buƙatata ga gwamnatin Kano da shugabannin ƙananan hukumomi 44: kowane asibitin sha-ka-tafi ya samu abin auna oksijin na yatsa, da inhela mai rahusa, da ma'aikacin da ya iya koyar da ita. Kowane babban asibiti ya samu oksijin da ba ya yankewa da na'urar gwajin numfashi.

40/
Abin auna oksijin ɗin nan bai kai kuɗin wayar da kake karanta zaren nan da ita ba. Da akwai shi kusa da mu, da tun kwana biyu kafin daren nan an ce mana ku wuce asibiti. Ranar COPD ta duniya Laraba ta uku ce a Nuwamba, daidai shigowar hunturu. Lokacin tambayar kansila da ɗan majalisa ke nan.

41/
Bana Inna ta yi mura sau ɗaya. Da kakinta ya fara canzawa, washegari aka kai ta, aka ba ta magani, ta dawo gida a ranar. Inhelarta na cikin ɗan kwanon da take ajiye goro. Ba ta warke ba, ciwon ba ya warkewa. Amma tumakin da suka rage suna nan, ita ma tana nan.

42/
Makon jiya na je gida da ɗan toshewar hanci. Tun daga zaure ta ji muryata ta ɗaga tata: "Maigida, tsaya nan inda kake, ajiye ledar a bakin ƙofa." Na tsaya. Muka yi hirarmu ta kusan awa ɗaya, ita a ciki ni a waje kan turmi.

43/
In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku mai tarin da ya ƙi ƙarewa, a kai su gwaji tun suna kan ƙafarsu, kafin hazo ya sauka. Ku tura wa 'yan gidanku zaren nan, musamman masu dawowa hutu daga makaranta. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke nan, ku ƙara abin da na bari. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.